Uwar Gara a Ƙarƙashin Daɓe

Ku da kuke goya famfon feshi a baya kuna zagaya unguwa, kun ce aikin gara ba wuya. A zuba magani, a ƙara ruwa, a feshe bango, a ɗauki hoton gawarwakin a waya a nuna wa mai gida. Na ji ku. Kwanan baya a Ƙofar Guga wani cikinku ya dubi kayana ya ce, "Baba Mati, ai digar nan taka ta zama kayan tarihi." Gidan da ya fesa, bayan wata biyu ni aka kira.

Shekara arba'in da 'yan kai ina haƙar gara a cikin birnin Katsina. Ban yi boko ba, allo ma ban yi nisa ba. Ƙasa na sani, da abin da ke cikinta. Ku zauna in gaya maku yadda aikin yake, da yadda ya kusa kashe ni ba tare da rami ya rufta da ni ba.

Aikin farko da na bi maigidana Baba Ilu, a wani tsohon soro ne a Ƙofar Durbi. Na zaci da mun shiga za a hau sara. Sai na ga dattijo ya cire hula, ya durƙusa, ya manna kunne a bango. Ya ƙwanƙwasa da ƙotar wuƙa, ya saurara. Ya matsa taku ɗaya, ya sake. Zago, wato manyan nan masu jan kai da ke gadin gidan gara, in sun ji bugu su ma sai su hau buga kawunansu. Mai kunne zai ji wani ƙas-ƙas kamar ana zuba gero a faranti. Inda ƙarar ta fi yawa, hanyar gida ta nan take.

Ya ce in sa kunnena. Na sa.

"Mi ka ji?"

"Ban ji komi ba, Baba."

"To kai kurma ne. Ɗauki kwando."

Shekara biyu ina kwasar ƙasa kafin ya yarda ina da kunne.

Kayan aikin ba su da yawa. Diga, dagi, shebur mai gajeriyar ƙota don cikin rami, ƙaramar fartanya, wuƙa, tocila. Sai tsinken kaba, wanda ya fi duka amfani kuma ba a sayen shi. Shi ake zurawa a 'yar hanyar gara a ji inda ta karkata. Gara ba ta gini a inda take ci. Ta kan ci azarar ɗakinka alhali gidanta na ƙarƙashin madafin maƙwabcinka. Ka bi hanya, ta ɓace, ka sake nemo ta. Zago na cizon ka har jini. In ka cire su da ƙarfi, kan ya zauna a fatarka, gangar jikin ta biyo hannu.

Can ƙasa za ka tarar da wani abu kamar saƙar zuma, mai laushi, mai ɗumi. Rumbunsu ke nan. Ka wuce shi. A tsakiya akwai wani curin yumɓu mai tauri kamar gasasshiyar tukunya, da 'yan ƙananan huji a jikinshi. Ka fasa shi a hankali da wuƙa. Ga ta nan kwance: uwar gara. Fara ce, tsawon tafin hannu, kitse zalla. Ba ta tafiya, ba ta cizo, ba ta taɓa ganin azara da idonta ba. Ta hujin nan ake kawo mata abinci, ta nan ake fita da ƙwai. Duk wanda kuka fesa a bango ɗanta ne. Ku kashe cikin kwando, ta haifo cikin buhu. Maganinku kuwa ko ƙamshinshi ba ya isa ɗakinta.

Masu gida iri-iri ne. Akwai wadda za ta tare ka a ƙofa ta ce surin da ya fito a bayan ɗakinta gidan aljanu ne, kada a taɓa. Baba Ilu kan ce, "Hajiya, in na tarar da su zan gaishe su." Akwai Alhajin da ba garar ce ta dame shi ba, uwar yake so ka ba shi a ɓoye ya haɗiye, wai tana ƙara ƙarfi. Na ba mutum biyar ko shida. Ban ga wanda ya ɗaga mota ba. Sai kuma masu cewa haƙa ce ke tayar da gara, wai tun da aka sa mata diga ta ƙaru. Waɗannan sun fi ba ni haushi, don wata rana ni na ba su abin faɗa.

Aikin Malam Lawal ne. Lokacin Baba Ilu ya rasu, ni ke da kaina, ina ji da ƙarfi. Malam Lawal malamin zaure ne a Ƙofar Durbi, yana da littattafan da ya gada daga kakanshi, rubutun hannu, kowane a cikin gafakarshi ta fata, duka a cikin wata adakar katako a ƙasan ɗaki. Gara ta fara lasar gindin adakar, aka kira ni. Kwana biyu ina haƙa a tsakiyar ɗakin. Na fito da uwar, na ɗora ta a shebur, na kai zaure kowa ya gani.

Amma a cikin ramin na ga abu biyu. Na ga kututturen wata tsohuwar bishiya da aka yi gini a kanshi, saiwoyin sun bazu ƙarƙashin bango. Na kuma ga ƙasar gefe ɗaya jiƙe take, don wurin alwala na bayan bangon. Itace da laima: abinci da ruwan sha. Da Baba Ilu ne, sai ya tono kututturen, ya sa a kawar da wurin alwalar, ya zuba toka da baƙin mai a ramin, kuma ya dawo bayan ruwan farko ya sa kunne. Aikin kwana uku ne a kan wanda na yi. Bayana na ciwo, wani gida na jira na. Na mayar da ƙasa, na daɓe.

Malam ya ce, "Mati, ta ƙare?"

Na ce, "Ta ƙare, Malam."

A kan maganata ya mayar da adakar inda take.

Bayan damina ya aiko a kira ni. Gafakokin na nan lafiya lau daga waje. Ya buɗe ɗaya, ƙasa ta zubo. Littafi huɗu haka. Bai zage ni ba. Ya tsinto wani guntun takarda da bai kai tafin hannu ba, gefen duk cin gara, ya sa mani a hannu.

"Wanga rubutun kakana ne. Kai ba ka iya karatu ba. Ni ma yanzu ba na iya karanta shi. Ka ga mun zama ɗaya."

Na sake fasa ɗakin. A cikin saiwoyin kututturen na tarar da ƙananan uwaye uku, kowacce ba ta kai ɗan yatsa ba. Lokacin da babbar take nan, ba a jin ɗuriyarsu. Da na ɗauke ta, ga abinci ga laima, sai suka tashi. Unguwa kuwa ta ɗauka: ai ga shi nan, diga ce ta tayar da ita. Ba diga ba ce. Rabin aiki ne. Guntun takardar nan yana cikin gwangwanin da nake ajiye wuƙata har yau. Tun ranar kuma bakina bai ƙara ce wa mai gida gara ta ƙare ba.

Yanzu ga mummunar shekarar. Na daɗe ina fama da zafin ciki. Kowa ya ce olsa ce, ni ma na ce olsa ce. In ta taso in jiƙa kanwa in sha, ko madara, ko farin maganin nan na kemis mai kama da kunu. Ta lafa, in koma rami. Taba kuwa kara na bin kara. Abincina a wurin aiki bandar kifi ce da yaji mai gishiri. Haka na fi shekara goma. Feshi nake yi wa cikina, ni da nake dariyar masu feshi.

Sai abin ya sake. Loma biyu in ji na ƙoshi. Amai. Bayan gida baƙi kamar kwalta. Tazugen wandona na ƙara tsawo. Wata rana ina cikin ramin da bai wuce ƙuguna ba na kasa fitowa, sai da mai gidan ya jawo ni. Matata Dije ta ce ko in bi ta asibiti da ƙafata, ko ta tara 'ya'yana su ɗauke ni kamar buhu.

Likitar da aka haɗa mu da ita, Dakta Hauwa, ba ta kai babbar ɗiyata ba. Suka zura mani wata roba mai fitila ta maƙogwaro har tumbi. Na ce a raina, su ma suna da tsinken kaba. Suka tsinko ɗan nama aka kai awo. Bayan kwanaki ta zaunar da mu ta ce ciwon daji ne a tumbi, amma hoto bai nuna ya kai hanta ba. Za a yanke wajen da yake, a haɗa sauran.

Dije ta riƙe mani riga tun a bakin ƙofar asibiti.

"Malam, daji ba ya son ƙarfe. Kowa ya sani. Mijin Yaya Abu da aka yanka, ai ko shekara bai yi ba ya dawo mashi."

"Haka suka ce da digata."

"Kai bango ne?"

"A'a. Amma abin da ke ciki, fito da shi ake yi."

Ban yi gardama da wuƙa ba ko kaɗan. Haƙa ce, kuma haƙa na sani. Aka yi. Na farka da ɗinki daga ƙirji zuwa cibiya, an cire fiye da rabin tumbin. Na ce a nuna mani abin da aka ciro, don ni ba na barin gida ban nuna wa mai shi uwar ba. Ta nuna mani hotonshi a waya. Ba kyan gani. Na ce madalla.

Inda muka saɓa da ita shi ne bayan ɗinki ya kame. Ta ce saura magani, wanda ake sawa ta ƙarin ruwa, bayan kowane mako uku, har wata da watanni. Na sha na farko. Kwana biyar ina amai. Bakina ya yi gyambo, yatsuna suka mutu, ko ƙotar wuƙa ba na ji. Da ya sake ni sai na ji garau. Na ci tuwo, ɗan kaɗan amma ya zauna. Na zagaya unguwa da ƙafata. Ranar komawa ta zo, na ce ba inda za ni. Dije da ta hana ni wuƙa, ita ce yanzu ke kora ta zuwa allura.

"Ke ba ke kika ce ba ya son ƙarfe ba?"

"Ai ka riga ka ba shi ƙarfen. Sai ka ƙarasa."

Na ƙi. Mako biyu suka wuce. Sai likitar ta bugo wayar Dije ta ce in zo a duba ɗinki kawai. Na san dabara ce, amma muka je ni da Dije.

Ta duba ɗinkin, ta ce ya yi kyau. Ta ja kujera ta zauna.

"Baba, mi ya hana ka dawowa?"

"Ɗiyata, kun haƙa, kun fito da shi, kin nuna mani. Wannan ruwan naku feshi ne. Ni ban yarda da feshi ba."

"Feshi kuma? Wace sana'a kake yi ne?"

Na gaya mata. Ta ce in ba ta labari, wai gara ta cinye mata ƙofar kicin. Na ba ta, har da ɗakin yumɓu da zago. Ina yi tana murmushi, abin har ya fara ba ni haushi.

Ta ce, "To saurara ka ji nawa. Ƙullun da muka ciro, ba iri ɗaya ne abin da ke cikinshi ba. Ƙananan ƙwayoyi ne da ido ba ya gani. Mafi yawansu ci da yaɗuwa kawai suka sani, kuma magani na kashe su. Amma akwai 'yan kaɗan a ciki da su ne ke haifar sauran. Suna iya kwantawa shiru wata da watanni, ba a ganin su a hoto. Ɗaya ta tsira, tana iya sake gina ƙullun daga farko."

"Uwaye ke nan."

"Kusan haka muke kiran su. Kuma ba su kaɗai suke aikin ba. Ciwon na juya lafiyayyen naman da ke kewaye da shi ya koma yi mashi bauta. Jijiyoyin jini su tsiro suna kawo mashi abinci. Naman ya yi tauri ya kewaye shi, magani ya sha wuyar shiga. Har sojojin jikinka, da ya kamata su kashe shi, wasu sai su koma yi mashi gadi."

"Zago."

"Kai ka faɗa. Tun farko ma sai da wurin ya yi mashi daɗi. Akwai wata ƙwayar cuta da muka samu a tumbinka, ita ce ta daɗe tana sa maka zafin da kake kira olsa. Shekara da shekaru tumbin na kumbure. Ga gishiri, ga taba. A irin wannan wurin yake son zama."

Kututture da wurin alwala take gaya mani, da turancinta da farar rigarta.

Na ce, "To mijin Yaya Abu da aka yanka ya dawo mashi?"

"Ban san shi ba. Amma yawanci ba wuƙar ce ke tayar da shi ba. Ko an zo a makare, ko wasu sun riga sun fita daga wajen da aka yanke." Ta gyara zama. "Ba zan yi maka ƙarya ba, Baba. Uwayen nan su suka fi taurin kai ga maganin. Masu bincike har yanzu suna neman abin da zai same su kai tsaye, da abin da zai raba su da masu ciyar da su. Ban ce maka ruwan nan zai kashe kowacce ba. Amma wanda ya ƙarasa shi ya fi wanda ya bari samun tsira. Kai in ka ciro uwar gara, sai ka mayar da ƙasa ka tafi?"

"A'a."

"Mi kake yi?"

"In tono itacen. In kawar da ruwan. In zuba magani a ramin."

"Magani? Na ji kamar ka ce ba ka yarda da shi ba."

Dije na gefe ta rufe baki da mayafi tana dariya.

Likitar ta ce, "Ka taɓa barin ramin haka nan ka tafi?"

Ba ta san komi ba game da Malam Lawal. Tambaya ce kawai ta faɗo mata. Ni ma ban yi niyyar faɗa ba, don ko Dije ban taɓa gaya mata dalilin gwangwanin nan ba. Na ce, "Sau ɗaya." Na ba su labarin a gajarce. Likitar ta ɗauki biro ta ce, "Talata ko Laraba?"

Na ce Talata.

Sauran ba abin ba da labari ba ne. Amai, gyambo, kwanciya, tashi, a sake. Damina guda ban ɗaga diga ba, gidajen da na saba zuwa suka koma kiran ku. Na sha ƙwayoyin kashe cutar nan ta tumbi har suka ƙare. Taba na bar ta. Kanwa sai dai a miya. Abinci yanzu kamar kaza nake ci, kaɗan-kaɗan sau shida a yini, kuma Dije ke riƙe da gwangwanin gishiri kamar makullin banki. Yatsuna biyu har yau ba su gama farfaɗowa ba. Kunnen dai na nan.

Don haka famfon nan naku, ban ce ba shi da amfani ba. Da na ce, yanzu na janye rabi. Ku fesa, amma bayan kun haƙa. Ku dubi inda ruwa ke zama, ku dubi itacen da aka binne. Wanda kuma cikinshi ke zafi shekara da shekaru yana jiƙa kanwa, ya je a zura mashi tsinken kaba tun yana iya fitowa daga rami da kanshi. Ba daɗi, amma bai kai cizon zago ba.

Ranar da aka cire mani allurar ƙarshe, aka yi hoto, aka ɗebi jini. Dakta Hauwa ta kwantar da ni, ta ɗora hannu a cikina tana ƙwanƙwasawa da yatsa tana saurare. Na ce mata ta matsa hagu kaɗan, ba a nan ake fara sa kunne ba. Ta ce in yi mata shiru a ofishinta. Ta duba takardun ta ce ba ta ga komi ba.

Na tashi zaune, na sa hulata. Tambayar ta fito da kanta.

"To ɗiyata, ya ƙare?"

Ta dube ni ta saman tabarau.

"Baba, kai mi kake ce wa masu gida?"

"Ce masu nake zan dawo bayan ruwan farko."

"To ni ba na jiran ruwa. Wata uku."

Shekara ta huɗu ke nan ina komawa, yanzu wata shida-shida. Ban taɓa saɓa rana ba. In na fito daga wurinta kuma na kan biya ta Ƙofar Durbi. Malam Lawal ya rasu, 'ya'yanshi sun zuba siminti a ɗakin, sauran littattafan na kan kanta ta ƙarfe. Ba wanda ke kira na. Na kan yi sallama, in cire hula, in durƙusa, in sa kunne a bango.